Akurkin Kimba

Ni na yi wa Kimba waldar akurkin nan da hannuna, shi ya sa ba na son in ji ana ba da labarinsa a teburin mai shayi ana dariya. Sunana Lukuman, walda nake yi a Zongon Agoè, arewacin Lome, shekara ashirin da biyu ke nan. Kimba maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ya girme ni da shekara tara, don haka Yaya nake ce masa.

Mahaifinsa daga wajen Dosso ya zo Lome fataucin albasa, ya yi aure, ya zauna. An haifi Kimba a tsohon Zongo na cikin gari. Yana ɗan shekara bakwai aka tashe su aka dawo da su nan arewa, lokacin wurin duk ciyawa ce da sauro. Aji huɗu ya yi a lakwal, wato makarantar boko, ya bari. Ya yi karen mota, daga baya ya zama direban kamiyo, babbar motar kaya, a tashar jirgin ruwa, ya shekara goma sha uku yana jan kwantena har ya gaji da zaman layi. Sai ya sayi wata tsohuwar jar tarakta da aka shigo da ita daga Ghana, ba fitila, ba rufi, kujerarta ƙarfe ce tsirara wadda ya ɗaura wa matashin kai. Da rani ya ja tirela ya kai wa magina yashi da jar ƙasa. Da damina ya ɗaura garma ya nufi wajen Tsévié da kwarin Zio ya yi wa mutane huɗa. Mutum ne mai sanyi, ya iya Mina, yaren mutanen wurin, kamar a cikinta aka yi masa suna, kuma manoman can suna son shi don ba ya barin lungun gona ba a huɗe ba.

Shekara biyar da suka wuce wani ɗan kasuwa ya kira shi share fili a bayan Adétikopé. Kimba bai san cewa filin mutum biyu aka sayar wa ba. Ya yi zagaye uku ke nan sai dutse ya same shi a kunci. Bai ga wanda ya jefa ba. Ya faɗo daga kujera, babbar tayar baya ta wuce kusa da kansa ta taka masa hula, taraktar ta ci gaba da tafiya ita kaɗai har ta daki kututture. Mutum biyar suka fito daga cikin rogo da sanduna. Ya ce yana ta gaya musu da Mina cewa shi direba ne kawai, amma bakinsa ya cika da jini, maganar ba ta fita. Sun dake shi har suka gaji. Muƙamuƙinsa ya tsage, haƙora uku suka zube, idonsa na hagu kuma tun daga ranar hazo-hazo yake gani.

Wata biyu yana shan koko da tsinken roba. Ranar da ya fara tauna abinci ya shigo shagona da wata takarda da ya zana da biro.

"Ɗaki nake so ka yi wa taraktata," in ji shi. "Wanda dutse ba ya shiga, adda ba ta shiga."

Na duba zanen na ce, "Yaya, ina ƙofa ta biyu?"

"Babu. Ɗaya ta isa, ta hagu, da sakata daga ciki."

"Ko motar da ta fi kowace tsufa ƙofa biyu gare ta."

"Lukuman, kai ba a taɓa jawo ka ƙasa ba. Kowace ƙofa hanyar shigowarsu ce."

Na dubi fuskarsa, ɓangare ɗaya ya faɗa ciki. Ban sake maganar ba, kuma wannan shirun har yau yana damuna.

Sati uku muka yi. Ginshiƙai na ƙarfen kwana, bango na falankin kwantena da muka samo wajen masu yankan ƙarfe a bakin tasha, gilashin gaba na wata matacciyar bas. A kan kowane gilashi na ɗora raga ta rodi mai kauri, tazarar yatsa uku, na yi mata walda ciki da waje. Tagar baya kaɗai na ɗaure da kusoshi, ba don wata dabara ba, sandar waldata ce ta ƙare ran nan. Da muka fito da ita titi, wata mai sayar da ayaba ta ce, "Kimba ya shiga akurki." Sunan ya bi ta.

Akurkin ya koya mana abubuwa tun satin farko. A kan marfin taya muka fara ɗora shi, kwana huɗu marfin ya tsage, dole muka sauke nauyin ya koma kan gatarin baya. Ƙara kuwa, kamar an zuba duwatsu a cikin ganga ana girgizawa. Na yanka tsohuwar taya na sa ƙarƙashin kowace ƙafa, ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba. Sai zafi. Kafin azahar rufin ba ya taɓuwa, har muka shafa masa farin fenti muka liƙa katako daga ciki. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne hayaƙi. Wata rana a gonar shinkafa manoma suka ga taraktar ta bar layi tana tafiya a karkace, ashe hayaƙin salansa ke shiga ta ƙasan gilashi, Kimba ya kusa suma. Da kyar ya kashe injin ya zare sakata ya faɗo yana amai. Na ƙara wa salansar tsawo ta wuce rufi. Abu biyu ne ba mu iya gyarawa ba. Nauyin sama ya sa taraktar tana lilo in ta hau gangare, sannan gefen dama, daga tayar baya zuwa garma, ba ya ganin komai. Ya ce zai saba.

Gwajin farko ya zo da sauri. Wasu samari suka tare shi a wani fili suka yi masa ruwan duwatsu. Da yamma ya dawo ya nuna mini inda fenti ya kankare, yana dariya da wawulonsa.

"Ko ɗaya bai shigo ba. Suna jifa ina huɗa. Da suka gaji suka zauna suna kallona."

Na yi murna ran nan, ba zan ɓoye ba. Aikina ya tsaya.

Labari ya bazu cewa akwai direban da ba ya tsoron filin rigima. A wajen garin nan kuwa filin rigima ba ya ƙarewa. Kaka ya sayar, jika ya ce ba a sayar ba, wani ya zo da takarda, wani ya zo da wata takardar. Sauran direbobi sukan juya in sun ga an rubuta gargaɗi a jikin bishiya. Kimba ya daina juyawa. Wani Alhaji Tchakoura mai sayen filaye yana yankawa ya riƙe shi sosai. Ya kan tura shi da ƙarti huɗu ko biyar a bayan wata buɗaɗɗiyar mota, su tsaya da kulake, shi kuma ya bi ta kan duk abin da aka shuka, masara ce, rogo ne, ƙananan kwakwar manja ne.

Matarsa Hadjara ce ta fara ganin ya canza. Wata safiya ta leƙo shagona da bokitin waina a kai, ta sauke ta ce, "Lukuman, abin nan da ka yi masa, ba ya jin mutane a cikinsa."

"Ƙarar inji ce, Yaya Hadjara."

"Ba ita nake nufi ba. Da, in ya dawo sai ya ce mini yau gonar wane na yi, matarsa ta haihu, sun ba ni doya. Yanzu in na tambaye shi gonar wa, sai ya ce bai sani ba. Jiya na wanke ragar nan, na ciro ɗankwalin mace a maƙale."

Na yi masa maganar bayan sallar Juma'a. Ya ce, "Ranar da suka kwantar da ni, wa ya tambayi sunana? Mai takarda ya ce in huɗe, na huɗe. Rigimarsu ce, su kai kotu."

Abin ya faru ne wata Asabar da hantsi, farkon damina. Ya kira ni a waya ya ce ƙarfen da ke riƙe garma ya tsage, in kawo masa wani. Na ɗaura shi a babur tare da jakar kayan aiki na tafi. Wurin yana gaba da Davié, an bar kwalta an shiga jar hanya. Gona ce ta rogo, da wani kwalbatin ruwa mai zurfi a gefenta na yamma. Mai noman wurin wata tsohuwa ce da ake kira Da Akuvi, tana tsaye a bakin gonar da zane ɗaure a ƙirji. Mutanen ƙauyen sun kai talatin, ƙartin Alhaji huɗu ne.

Na canza ƙarfen cikin minti ashirin. Ina ɗaure kusa na ce masa a hankali, "Yaya, yau mutanen nan sun yi yawa. Ka bari."

"Kullum haka suke," ya ce. Ya hau, ya ja ƙofa, na ji sakata ta shiga.

Ya yi layi biyu, rogon yana tashi fari-fari a bayansa. A layi na uku ɗan tsohuwar ya shigo gonar a guje. Sunansa Komlan, ɗan zemijan ne, wato mai haya da babur, da rigar aikinsa ma a jikinsa, an kira shi a waya ya baro gari. Ba shi da makami. Ya bi taraktar ta gefen dama, ya kama ragar yana dukanta da tafin hannu yana ihu a tsaya. Ni ina ganinsa. Kimba ba ya ganinsa, kuma bugun hannu a jikin ƙarfen nan bai fi na duwatsun da ya saba ji ba. Ƙafar Komlan ta zame a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya faɗi tsakanin taya da garma, faifan garmar ya bi ta kan ƙafarsa ta hagu.

Na yi gudu na sha gaban taraktar ina ɗaga hannu biyu. Kimba ya taka birki. Kafin ya gane abin da ya faru mutane sun rufe wurin. Ƙartin Alhaji suka ɗaga kulake, ɗaya ya sha adda a kafaɗa, sauran suka ja shi zuwa mota suka gudu suka bar mu. Aka hau akurkin da sanduna da adduna da fatanya. Gilashin gaba ya farfashe a bayan raga, amma ragar ba ta motsa ba. Wani ya zura sanda mai tsini ta cikin ramin raga ya soke shi a haƙarƙari. Kimba ya sa giyar baya don ya kuɓuta, bai ga kwalbatin ba. Tayar hagu ta faɗa, akurkin ya yi lilo sau ɗaya, duk taraktar ta kwanta a gefen hagu. Ƙofar ta koma ƙasa, nauyin inji gaba ɗaya a kanta.

Akwai mai sayar da fetur a kwalabe a bakin hanya. Ban ga wanda ya ɗauko ba, na dai ga kwalba biyu sun fashe a jikin injin, na ga ashana. Wuta ta kama gaban taraktar, ta bi man da ke zuba ta nufi akurkin.

Na zazzage jakata na ɗauki guduma da ƙarfen ɓamɓare taya na sauka cikin kwalbatin. Wani ya maka mini sanda a ƙeya, na durƙusa, na tashi. Wani kuma ya daki hannuna na hagu, na ji ƙashin ya ba da sauti. Ina ta cewa da Mina, "Mutum ne a ciki, mutum ne a ciki." Na sa ƙarfen a ragar gefe na danna da duk ƙarfina. Waldata ce, na san ba za ta saki ba, kuma ba ta saki ba. Ta cikin ragar ina ganin Kimba a kwance a kan ƙofar, yana dukan rufi da ƙafa. Katakon da muka liƙa don zafi shi ya fara ci. Matashin kujera ya kama, hannun rigarsa ya kama. Bai yi ihu ba, salati yake yi yana tari.

Da Akuvi ce ta raba mutanen. Ta shigo tsakiyarsu da jinin ɗanta har gwiwar hannu, ta fizge adda daga hannun wani ta dinga zabga musu gefenta a baya.

"Ɗana yana zubar da jini a can, ku kuna nan kuna gasa mutum," in ji ta. "Wa zai kai shi asibiti? Ko gawa biyu kuke so a gonata?"

Wasu suka koma wajen Komlan. Wani dattijo mai gatari ya sauko kusa da ni ya ce, "Ina ne ya fi rauni?" Sai a lokacin na tuna tagar baya. Kusoshi shida ne ke riƙe da ita. Na riƙe ƙarfen da hannu ɗaya a kan kowace kusa, shi yana dukansa da bayan gatari. Huɗu suka tsinke, muka lanƙwasa ragar, muka fasa gilashin. Na kama Kimba ta wuyan riga, dattijon ya kama ɗamararsa, muka jawo shi ta ramin da bai kai faɗin kafaɗarsa ba. Tsinin rodi ya yage masa baya tun daga kafaɗa har ƙugu. Muka birgima shi a cikin laka har wutar ta mutu. Fatar hannunsa na dama ta biyo tafina.

A bayan motar wani mai ɗaukar gawayi aka kai su asibiti su biyu, kwance kusa da juna, ni da tsohuwar muna zaune a tsakani.

An yanke ƙafar Komlan daga ƙasan gwiwa a ranar. Kimba ya yi wata uku a kwance, ƙuna a hannu biyu da wuya da gefen fuska. 'Yarsa Khairunnisa, wadda ke karatun jinya, ita ta dinga wanke masa ciwon bayan an sallame shi, kuma duk unguwa ta san lokacin wankin don ana jin nishinsa ta katanga. Jandarmomi sun zo sun ɗauki bayanin kowa. Alhaji Tchakoura ya ce shi share ciyawa ya ce a yi, bai ce a taɓa shukar kowa ba, kuma bai taka asibitin ba ko sau ɗaya. Da Kimba ya warke aka tsare shi wata biyar. Waɗanda suka kunna wutar ba a gano su ba, ni ma da aka tambaye ni na ce ban ga fuska ba, kuma gaskiya na faɗa. Shari'ar filin har yanzu ba a gama ba. Rogo ya sake tsirowa a wurin da kansa.

Bayan ya fito muka je muka jawo gawar taraktar. Injin bai mutu ba, wayoyi da tayoyi da famfon mai ne suka ƙone. Na sa wutar walda na yanka akurkin gunduwa-gunduwa, yana zaune a kan benci yana kallo. Yatsunsa biyu na dama sun manne, ba sa miƙewa.

"Da ka ce ƙofa biyu," ya ce, "me ya sa ba ka dage ba?"

"Na ji nauyinka, Yaya."

Ya ce, "Ƙofar ba ita ce babba ba. Yaron nan ya yi ta bugu, na ji bugun. Na ɗauka dutse ne, ban ko juya ba."

Abin da ke kan taraktar yanzu rumfa ce kawai. Ginshiƙi huɗu, biyun baya na bututu mai kauri da aka ɗaure a gatari don ko ta kife kada ta danne shi, rufin kwano mara nauyi, gefe biyu a buɗe, madubin kamiyo hagu da dama. Ruwa yana dukansa, ƙura tana shiga masa ido. Ya koma huɗar shinkafa a kwarin Zio. Kafin ya sauke garma a kowace gona sai ya sauko ya gaisa da duk wanda ya gani a wurin, ya tambayi wa ke nomanta, kuma in amsa ta zo iri biyu sai ya juya. Wasu suna cewa wuta ta sa masa tsoro. Ba ya musu.

Sau uku ya je gidan Da Akuvi, ni nake kai shi a babur. Kowane zuwa takan ba mu ruwa a ƙwarya kamar yadda suke wa baƙo, ta amsa gaisuwa, ta ce ɗanta yana barci. Muna jin rediyonsa a ɗaki. A zuwa na uku ta ce wa Kimba, "Na hana a ƙone ka, ban ce na yafe ba. Ka daina wahalar da kanka." Bai sake komawa ba.

Bara, wajen watan azumi, wani ya tsayar da babur a ƙofar shagona, an goyo mutum a baya da sandar guragu. Komlan ne. An sa masa ƙafar roba, amma ba ta iya taka giya. Ya ce an gaya masa na iya ƙarfe, yana so in mayar masa da giyar babur ɗinsa ta hannu don ya koma aiki. Kimba yana shagon a lokacin, ya kawo faifan garma in yi masa gyara. Ya miƙe tsaye.

Komlan ya dube shi, ya dubi hannunsa, ya ce da Mina, "Kai ne."

"Ni ne."

"Zauna. Ba wajenka na zo ba."

Kimba ya zauna. Aikin ya ɗauke ni awa uku, sandar ƙarfe daga giyar zuwa gefen tanki, da ƙulli na katako a kai. Da na buƙaci wanda zai riƙe mini babur ɗin ya tsaya daidai, Kimba ya taso ya riƙe, Komlan bai hana ba. Da na gama ya hau, ya je ƙarshen layi ya dawo, ya ce giya ta biyu tana da tauri. Na sassauta kusa ɗaya. Ya sake gwadawa, ya ɗaga mini hannu, ya ɗauki wanda ya kawo shi suka fita titi.